Wa Ke Yi Wa Mai Kare Jaje?

Jama'a masu saurare, na cikin garin Tasawa da na Mayahi, da mutanen gefen Gulbin Kaba, da matafiyan da ke kama mu a kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram.

Maganar da na zo da ita yau, na san wasu za su fara dariya tun ban kai tsakiyarta ba. Ku yi abinku, ni ma na taɓa yin irin wannan dariya, kuma ita ce ta sa nake zaune gaban wannan na'ura yanzu. Zancen mutuwar kare ne.

Bahaushe ya raba gaisuwa gida-gida. In mutum ya rasu, ta'aziyya ake yi: a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. In kuwa asara ce ta abin hannu, gobara ta cinye rumbu, ko ɓarawo ya kwance akuya, ko san amalanke ya faɗi bai tashi ba, wannan jaje ake yi. Maƙwabci ya leƙo ya ce, ashe abin da ya faru ke nan, Allah ya mayar da alheri. Ko jaki ne ya mutu, mai shi yana samun wannan kalma. Na ga matan unguwa sun shiga yi wa wata tsohuwa jaje a kan kaji shida da annoba ta share mata cikin kwana biyu. To, a cikin dukan bisashen da ke yi mana aiki, akwai guda ɗaya da in ya mutu ba wanda ke taka ƙofarka. In ma an ga idonka ya yi ja, sai a ce wane ya fara taɓuwa.

Ina da kawu a wani ƙauye arewa da Tasawa, ta wajen Urafan. Manomi ne, kuma da rani ɗan farauta, irin waɗanda ke fita da kere da gora in an gama kai hatsi rumbu. Wata shekara, a bakin rijiya, ya tarar da wasu Buzaye makiyaya suna ba raƙuma ruwa, da wani ɗan kwikwiyo da uwarsa ta mutu, idonsa bai daɗe da buɗewa ba. Ya ba su tiya biyu ta hatsi, ya saka shi cikin burgami ya kawo gida. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce ba da ita ba. Wasu dattawa a masallaci suka ce mutumin da ke sahun farko bai kamata a gan shi da kare a hannu ba. Kawu bai tanka wa kowa ba. Sai ya raɗa wa kwikwiyon suna Ƙyale-su. Kun san halinmu da sunan kare, rabinsa habaici ne. Duk lokacin da ya kira karensa da ƙarfi a tsakar gida, ya ba maƙwabta amsa ke nan.

Na ga yadda aka rene shi, don a gidan na yi hutun makaranta a waɗannan shekaru. Da fari ko lasa bai iya ba. Kawu zai tatso nonon akuya a ɗan ƙoƙo, ya tsoma yatsa ya sa masa a baki, da asuba da kuma bayan isha'i. Da ya yi ƙwari aka koma ruwan hura da ƙanzo da dusa, a cikin wani fasasshen kasko da aka ajiye masa gindin rumbu. Daga nan aka shiga karatu. Kawu yakan ɗaure fatar zomo da igiya ya ja ta cikin rairayi, ɗan karen yana bi yana faɗuwa. Ya koya masa fito iri biyu, ɗaya na tafi, ɗaya na dawo. Ya ɗaure shi kusa da ƴan awaki har ya san su ba abin kora ba ne. Ya koya masa iyakarsa a cikin gida: ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar randa, ba ya taka inda ake shimfiɗa buzun salla. Mafi wuya shi ne ya kama zomo ya riƙe, bai ci ba, har maigidansa ya iso ya yanka, sannan a jefa masa kayan ciki, rabonsa ke nan. Wannan kaɗai ya ci rani biyu. Da gaskiyar masu magana, ba a kiwon kare ranar farauta.

Ƙyale-su ya tashi dogo, siriri, launin ƙasar jigawa, cikinsa a ɗame har kana ƙirga haƙarƙarinsa ko ya ƙoshi. Jinin karnukan Azawak ne ya gauraya da na gida. Irin nan ne da Turawa suka fara kwasa zuwa ƙasashensu a shekarun 1970, har babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin littafinta a 2019, da sunan kwarin Azawak ɗin nan namu da ke tsakanin Nijar da Mali. Can ana yi masa wanka da sabulu ana kai shi gasa. Nan tiya biyu aka saye shi, kuma ya biya kuɗinsa tun a shekarar farko.

Don aikinsa ba farauta kaɗai ba ne. Farautar ma ai ta ja baya. Barewa ta zama labari a wajenmu, sai zomo da kurege da gafiya da zabin daji, ga dokar farauta ta 1998 da ma'aikatan gandun daji ke riƙe da ita. Da damina shi ke bin awaki in yara sun kai su kiwo, dila ba ta kusanto. Da kaka, in an yanke hatsi an tara dammuna a gona kafin amalanke ta samu, shi ke kwana a kansu. Da dare kuma, a shekarun nan da satar bisashe ta yi yawa, haushinsa kawai ya isa a san gidan ba a barci. Shekara tara yana wannan aiki, bai taɓa neman lada ba sai ƙanzo.

Da kaka ya mutu. Suna ɗora dammuna a amalanke, kawu ya sunkuya zai ɗaga na ƙasa, sai karen ya riga shi cusa hanci a ƙarƙashi. Kububuwa ce kwance a wurin. Ta sare shi a leɓe. Kawu bai taɓa cewa karen ya fanshe shi ba, ba mutum ne mai ƙawata labari ba, amma duk wanda ya taɓa ɗaukar dami ya san inda hannu ke shiga. Kafin su iso gida fuskar ta kumbura har idanu sun rufe, jini na tsattsafowa daga dasashi, don haka dafin kububuwa yake, yana hana jini daskarewa. Allurar dafin maciji ko mutum aka sara sai an sayar da akuya ko biyu kafin a same ta, balle kare. Kawu ya yi masa abin da ya sani na saiwoyi, ya zauna kusa da shi gindin rumbu, yana ɗiga masa ruwa a harshe da tsumma. Washegari da dare ya cika.

Abin da aka saba, a ɗaura wa mushe igiya a ƙafa, yara su ja shi bayan gari. Kawu ya hana. Ya ɗora shi a amalanke shi kaɗai, ya koma gonar, ya haƙa rami gindin wani gawo da ke kan iyaka, ya binne shi. Da ya dawo bai ci tuwo ba.

Ni kuwa a lokacin saurayi ne, na fara jin kaina ɗan birni. Da dare muna fada ana dafa shayi, wani taubashin kawu ya ce, to yaushe ne sadakar uku, mu zo mu ci waina? Aka fashe da dariya. Wani ya ce a nemo liman. Ni ma na yi dariya, har da buga ƙafa. Kawu yana wucewa da butarsa, ya ji mu sarai. Bai juyo ba.

Mutum ɗaya ne ya taka ƙofarsa, wani tsohon mahalbi da ƴan farautar yankin ke girmamawa. Ya zo bayan isha'i, lokacin da ba mai ganinsa. Ina kwance a zaure na ji su. Ya ce, na ji abin da ya samu yaronka. Haka ya ce, yaronka. Allah ya ba ka haƙuri, irinsa ba a samu sau biyu. Suka yi shiru mai tsawo, sannan ya tashi ya tafi. Ashe su a tsakaninsu sun san abin, ɓoyewa kawai suke yi, kamar masu abin kunya.

Daga ina wannan kunya ta fito? Ku duba bakinmu. In za a zagi mutum a ce ɗan kare. Yaron da ke bin direba yana ɗora kaya, karen mota. Ɗan bangar siyasa, karen farautar wane. Mun ɗauki sunan dabbar da ta fi kowace riƙon amana a gidanmu mun mai da shi zagi, sannan muka ce addini ne ya sa. Ni ba malami ba ne, amma na durƙusa gaban malamai a zaure, kuma abin da na ji ya sha bamban da abin da ake faɗa a fada.

Gaskiya ne akwai hadisin da ya yi gargaɗi cewa mai ajiye kare ladarsa na raguwa kullum. Amma hadisin da kansa ya ware karen farauta da na kiwo da na gona. Ku sake ƙirgawa: farauta, kiwo, gona. Ayyukan Ƙyale-su ke nan guda uku, ba ragi ba ƙari. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabba ta kamo wa mai ita, in an ambaci sunan Allah, har ta danganta wannan horo da ilimin da Allah ya sanar da ɗan Adam. Wato jan fatar zomon nan da kawu ke yi cikin rairayi, abu ne da Alƙur'ani ya san da shi. Duk Juma'a muna karanta Suratul Kahfi, kuma a cikinta an ambaci karen samarin nan kwance a bakin kogo, har in ana ƙirga su ana ƙirgawa da shi. A mazhabarmu ta Malikiyya kuma, jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don ƙazantar jikinsa ba.

Akwai wani labari da masu sharhin Risala ke kawowa, wanda nake so ƙwarai. Duk ɗalibin zaure da ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya ya san Risala, ta Shehu Ibn Abi Zaid na Ƙairawan a ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekarar 996. An ce katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, sai ya ajiye kare yana gadi. Aka ce masa, ai Imamu Malik bai so a ajiye kare a cikin gida ba. Ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Mutanen Madarunfa da Gidan Runji, da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ɓarayin shanu, ba sa bukatar a yi musu fassarar wannan amsa.

Hadisin mutumin da ya shayar da kare kuwa, kowa ya san shi, amma ina ganin mu mutanen jigawa ya kamata mu fi kowa jin nauyinsa. Mutum ne ya sauka cikin rijiya ya sha, ya fito ya ga kare na lasar ƙasa don ƙishirwa, ya sake komawa ciki, ya ciko takalminsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro. Allah ya gafarta masa saboda wannan. Wanda ya taɓa leƙa rijiyoyin ƙasar Mayahi, inda sai an ɗaura wa raƙumi ko shanu igiya su yi tafiya mai nisa kafin wasaki ya fito, ya san ba ƙaramin abu aka ce mutumin nan ya yi ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai wani ne daban, kuma ba kare a cikinsa. Anas ɗan Malik, hadimin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair. Yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Manzon Allah ya shigo gidan ya ga yaron a takure, ya tambayi dalili, aka gaya masa. Bai ce tsuntsu ne kawai ba. Ya kira yaron da alkunyarsa kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsunsa, yana rarrashinsa. Buhari da Muslim duk sun kawo asalin wannan labari. In wannan ba jaje ba ne, ku gaya mini sunansa.

Kada wani ya ce na zo in mai da mu Turawa. A gefen birnin Paris akwai maƙabartar karnuka tun 1899, da duwatsu masu rubutu da furanni. Ba na roƙa mana wannan. A ƙasar da in damina ta yi tsakiya ɗakunan yara masu tamowa ke cika a asibitocinmu, wanda ya sayi dutsen kabari don kare ya yi rashin ta ido. Sai dai akwai abu ɗaya nasu da ya dace da zancenmu. A 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka buɗe makarantar horar da karnukan jagorar makafi a garin Oldenburg na Jamus, saboda sojojin da suka dawo ba idanu. A 1929 aka kafa irinta a Amurka, The Seeing Eye, wadda har yau tana aiki. Yadda suke yi, ba makarantar ke renon kwikwiyo ba. Wani gida ake ba shi yana ɗan wata biyu, su rene shi shekara guda da ƴan watanni, su koya masa ladabi, sannan su mai da shi a ƙarasa horonsa a miƙa wa makaho. Su kansu masu makarantun sun san ranar rabuwa ranar hawaye ce. Ba wanda ke yi musu dariya. Abin da nake nufi, sun gane cewa wanda ya reni abu da hannunsa, ya zuba masa shekaru, in abin ya tafi sai ya bar rami. Mu ma mun gane, tunda mu muka ce sabo ake yi wa kuka. Ba mu ce sabo da mutum kaɗai ba.

Kuma kawu ya yi sa'a ta wani fanni, don bai kashe nasa da hannunsa ba. Akwai waɗanda haukan kare ke shiga wa gida. Karen da ka rena ya fara dalalar da miyau, ya daina gane fitonka, ya kai wa ɗanka cizo, dole kai ko maƙwabcinka wani ya ɗauki gora. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tashi. Alhali rigakafinsa na nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira. Shi ya sa ake tunawa da ciwon duk 28 ga Satumba, ranar mutuwar Pasteur ɗin. Masana sun ce in aka yi wa bakwai cikin goma na karnukan gari allura, ciwon yakan yanke. To amma wa zai ja karensa zuwa wurin likitan bisashe da rana tsaka, a garin da ake yi wa mai kare kallon mara aikin yi? Muna kai shanu da awaki layin allura, kare na biye da mu a baya, ba mai cewa a yi masa. Raina shi da muke yi, a jikin ƴaƴanmu yake ƙarewa. Tunda na taɓo nan, bari in faɗa: in kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a nufi likita a ranar, kada a tsaya jiran a ga hali.

In koma gidan kawu. Inna, wadda ta ce ba da ita ba, wadda shekara tara tana korarsa da muciya daga bakin murhu, ita ce ta yi kusan mako tana kankare tukunya tana kai ƙanzo gindin rumbu. Sai ta zuba a kasko sannan ta tuna. Kaji suka yi ta samun rabo. Ran nan na ji ta tana faɗa ita kaɗai, wai ko mutum ne ya isa ya saba maka da abu sannan ya tafi ya bar ka da shi.

Kawu bai sake kiwon kare ba. An kawo masa kwikwiyo har sau biyu, ya ce gwiwarsa ba ta da sauran rani biyu na jan fatar zomo. Kerensa ya ba wani yaro. In ana shuka, yakan tsallake ɗan wurin nan gindin gawo, taki uku ko huɗu, ba ya jefa iri.

Sai bayan shekara uku na iya buɗe baki. Na je gaishe shi da ƙaramar salla, na same shi a zaure yana tufkar igiya da kaba. Muka gaisa, muka taɓa zancen damina da tsadar taki. Da zance ya yanke, na ce, Kawu, akwai gaisuwar da ban yi maka ba. Ya ɗago. Na ce, ta Ƙyale-su. Allah ya mayar da alheri.

Ya daɗe yana kallona, igiyar na hannunsa. Ya ce, amin. Kai ne mai buga ƙafa a fada, ko? Na ce ni ne, Kawu. Ya ce, to, ka makara, amma gyara zama. Ya ajiye kabar, ya fara ba ni labarin wani zomo da suka tasa tun daga bakin gonarsa, zomon ya karya kwana sau uku a guje yana yaudarar karen, a karo na huɗu Ƙyale-su ya yanke masa hanya ta bayan wata sabara. Yana faɗa yana zana hanyar da yatsa a cikin rairayi. Daga wannan ya shiga na dilar da ta zo wa awaki, daga nan na ɓarawon da ya bar takalminsa ɗaya a kan darni. Har aka kira magariba bai kai rabi ba, ya ce in dawo bayan isha'i.